Tanda Mai Gurbi Tara

Na daɗe ina juya wannan rubutu a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba in ɗauki alhakin wani. Sau uku ina farawa ina yagewa. Abu biyu ne suka sa na daure. Na farko, yaran nan masu ɗaukar fim da waya a Lafiya, waɗanda in sun hango ni da buhuna sai su ce ga Baba Mai Tsumma nan, aikinsa kwasar bola. Na biyu, wata mata da na yi wa alkawari ban cika ba, wadda nake fatan cikin masu karatu akwai wanda ya san inda take.

Sunana Isa, sana'ata haɗa kayan fim. Duk abin da ka gani a hannun ɗan wasa ko a bayansa, kofi ne, tabarma ce, kalandar bango ce, ko takalmin da ke bakin ƙofa, wani ne ya nemo shi ya ajiye a wurin. Na haura shekara ashirin ina wannan a garin nan. Kuma nemowar ba ita ce wahalar ba. Wahalar ita ce tsufar da kaya: a miƙo maka sabo fil daga kasuwa da safe, kafin la'asar ya koma kamar ya shekara biyar a gidan mai ƙaramin ƙarfi.

Aikin farko da aka ba ni zani ne. Lokacin ina koyon kafinta wurin marigayi Malam Audu, wanda ban da kujeru da gadaje shi ke yi wa wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ɗakunan katako. Ya miƙo min sabuwar atamfa ya ce in mai da ita zanin goyo na matar manomi. Na zagaya bayan shago na tumurmusa ta cikin taɓo, na yage gefe, na kawo ina jiran yabo. Ya ɗaga ta da yatsa biyu ya ce wannan ai zanin mahaukaciya na yi. Ya ce in je gida in roƙi innata ta ba ni zanin goyonta in duba da kyau. Na je na duba. Fes yake, babu datti ko ɗigo. Ya koɗe ne a baya inda rana ke duka, ya yi laushi a inda ake ɗaurewa, ya sirance a inda yaro ke zama. Da na dawo na faɗa masa, sai ya ce, “To ka gani. Kayan talaka wanki ne ke cinye su, ba ƙazanta ba.” Atamfa ta biyu kwana huɗu na yi ina wanke ta a kan dutse ina shanyawa, ban sa mata ƙasa ko kaɗan ba.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma ba wanda zai sace su. Samfefa iri uku, ruwan shayi mai kauri na rina farin yadi, toka, baƙin gindin tukunya, ƙonannen man gyaɗa da nake karɓa wurin masu ƙosai, filaya, ƙusa, sai tsummoki. Babban ma'aikacina kuwa rana ce, ita ce ba ta gaggawa kuma ba ta ha'inci. Kafin ka taɓa kowane abu sai ka tambayi kanka: ina hannu ke taɓawa? Ƙofa a wajen mariƙi take tsufa. Turmi a baki. Sallaya a wurin goshi da gwiwa. Wanda ya zuba wa abu ƙasa gaba ɗaya bai yi komai ba, mai kallo zai ji a jikinsa ƙarya ce ko da bai san dalili ba.

Masu ba ni aiki iri-iri ne. Akwai mawaƙa masu son ɗakin ƙauye na kwana ɗaya, akwai ɗaliban jami'a daga Shabu, akwai masu faɗakarwa kan wanke hannu da rigakafi, akwai 'yan wasan coci in Kirsimeti ta ƙarato. Da yawansu in sun ce gidan talaka, so suke a watsa kwanuka a tsakar gida a rataya tsumma ko'ina. Nakan ce su tuna gidan da suka tashi. Wasu su ji, wasu su ce in yi abin da aka sa ni. In yi, amma ba na son a sa sunana.

Malam Audu ya bar min doka guda: kada ka ari kayan mutane, musaya za ka yi. Kayan aro in ya fashe a wurin ɗauka ya zama rigima, in ya ɓata ya zama zargi. Ka sayi sabo ka kai wa mai tsoho, ya yi murna, kai ma ka samu abin da samfefa ba za ta ba ka ba. Da wannan dokar na cika ɗaki guda da kaya, kowanne da 'yar takarda manne a jiki, na rubuta wurin wanda na karɓo da unguwarsu.

Shekarar da aka kulle gari saboda annoba ita ta cinye ɗakin nan. Ba biki, ba taro, ba mai ɗaukar komai. Na koma gyaran kujeru, su ma ba mai kawowa. Da abin ya yi tsanani na kira 'yan gwangwan, suka ɗora tsofaffin fitilun ƙwai da dutsen guga na gawayi da akwatunan ƙarfe a kan sikeli. Abin da na yi shekaru ina tarawa, awo aka yi masa kamar gero. Kayan ƙasa kuma, tukwane da tulu da tanda biyu, na rabar, don na saki ɗakin ba ni da wurin ajiya. Ban faɗi wannan don a tausaya min ba, kowa ya ga tasa a shekarar. Na faɗa ne don a gane yadda aka yi aikin da ya biyo baya ya same ni hannu wofi.

Wata yarinya ce mai suna Salamatu ta zo da aikin, ba ta daɗe da gama jami'a ba. Ɗan gajeren fim take so, na minti ashirin, a kan mace mai riƙon 'ya'ya ita kaɗai. Ta ce uwarta haka ta raine su, kuma ba ta son kuka da kiɗan tausayi, so take a ga yini guda na irin wannan mata: ta tashi ta hura wuta, ta soya masa, ta shirya yara makaranta, ta ɗebo ruwa, mai gidan haya ya yi mata magana, ƙaramin ya kwana da zazzaɓi. Kusa da ƙarshe, tana sauri da yaro a baya, tandarta ta suɓuce ta fashe. Na ji daɗin yarinyar, don ita ce darakta ta farko da ta ce min a share tsakar gidan tas. Ta ce komai za ta iya haƙuri da shi ban da tandar, don kyamara za ta matso kusa da ita ƙwarai.

Kwana uku ina zaga masu masa kafin in ga wadda nake so. A bakin wani lungu bayan tasha, ƙarƙashin mangwaro, wata mata da ake kira Maman Jummai take zama. Tandarta ta ƙasa ce, gurbi tara, baƙa wuluk tana sheƙi, da ɗan ɓalli a leɓe ɗaya. Mai shagon kusa ya ce min mijinta ya tafi kudu neman aiki tun tana da cikin na ukun, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na je kasuwa na zaɓo sabuwa daidai girmanta, gurbi tara ita ma, na ƙwanƙwasa na ji ba tsaga. Ranar Asabar da ta tashi daga suya na kai mata, na yi bayani.

Ta dubi sabuwar, ta dubi tata, ta ce, “Wannan ta san hannuna, Malam.”

Na ɗauka ciniki take ja. Na koma na ƙaro sabon baho babba. Matan da ke wurin suka sa baki, suna dariya suna cewa wace ce ke ƙin sabo don tsoho, ko tandar gado ce ta zinariya. Ta goge tandar da tsumma, ta miƙo min da hannu biyu. Na tafi ina ganin na yi mata alheri. Ban gaya mata fasawa za a yi ba, don a dokar da na koya, abin da ka musanya ya zama naka.

Ranar Litinin muka fara ɗauka a wani gida a Shabu. 'Yar wasan da ta fito a matsayin uwar ba ta taɓa suyar masa ba, amma tana zuba ƙullu tana sa cokali sai masa ta juya da kanta, ja-ja-ja, ba wadda ta kama. Kowa ya yi ta yaba mata. Mai dafa mana abinci wata dattijuwa ce 'yar Keana, Iya muke ce mata. Ta zo ta tsuguna ta shafa gurbin da yatsa, ta tambaye ni inda na samo. Na faɗa mata, har da alfahari. Ta tambayi abin da na ba mai ita. Na ce sabuwa dal, da baho.

“Kai Mai Tsumma, ka taɓa suya a sabuwar tanda?”

Na ce a'a.

“Shi ya sa. Sabuwa sai ta sha mai sati uku, huɗu, kafin ta saki masa. Kafin nan duk abin da aka zuba kamawa zai yi. Matar nan da me za ta ci da yara?”

Shekara ashirin ina kallon inda hannu ke taɓa kaya, ban taɓa tambayar me tsufan ke yi wa mai kayan ba. Ni a wurina baƙin tanda launi ne. A wurinta shi ne sana'ar.

Washegari da sassafe na je lungun. Na tsaya daga nesa tukuna. Tana ta kankarar gurbi da cokali, masa na fitowa a dagargaje, ta tara ɓaraguzan a kwano gefe. Mutum biyu suka tsaya, suka duba, suka tsallaka titi wurin wata. Da na matso na gaishe ta ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kwana uku ke nan, yara ne ke cin ɓaraguzan safe da rana, har babbar ta ce ta gaji da masa. Ta faɗa tana ɗan murmushi. Na ce me ya sa ba ta ƙi ba ranar. Ta ce ta faɗa min, ban ji ba, kuma ga mutane.

Na wuce Shabu na sami Salamatu na gaya mata komai. Ta dafe kai. Ta ce fim a kan wahalar irin matan nan, mu kuma mun je mun ƙara wa ɗaya. Amma ta ce an riga an ɗauki tandar jiya daga kusa, ɓallin nan da sheƙin nan duk sun fito, in aka fasa wata tanda daban ranar Asabar da aka tsara ɗaukar fasawar, kowa zai gane, kuma ba ta da halin sake ɗaukar aikin jiya. Na ce ta ba ni zuwa Juma'a. Ta ce, “Baba, in ka kawo wadda na kasa bambancewa, ita za mu fasa. In na gane, ka yi haƙuri.” Ban ga laifinta ba. Gaskiyar aikinta ta faɗa.

Sai na tsara abin haka. Masa daga bayan asuba ake sayenta zuwa wajen tara, mu kuma ba ma kunna kyamara sai goma ta wuce. Kullum da yamma in naɗe tsohuwar tanda cikin yankin katifa in rungume ta a bayan ɗan acaba zuwa Lafiya, da safe ta yi suyarta, in jira ta huce, in mayar Shabu. Ɗan acaban da na riƙe ya gaji da ni, kowane rami sai na ce ya bi a hankali. Rana ta biyu ya waiwayo ya ce in jariri ne in faɗa masa ya sani. Sabuwar kuma na karɓe ta daga wurin Maman Jummai, ita ce zan tsufar, tunda dama girmansu ɗaya.

Zaman jiran nan na safe shi ya yi min rabin aikin. A nan na lura bahaguwa ce. Kowane gurbi ya ɗan zaizaye ta gefen hagu, inda cokalinta ke shiga shekara da shekaru. Gefen da ke fuskantar titi ya fi baƙi, don iska ta nan take kora hayaƙi. Na bi gurbi tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya da samfefa mai laushi, ta hagu kawai. Na kwaɓa baƙin tukunya da ƙonannen mai, in shafa, in ɗora a wuta, in sauke, in goge, in sake. Na daina ƙirga sau nawa. Sheƙin cikin gurbi da bayan cokali na murza shi har yatsuna suka kumbura. Ɓallin leɓen shi na bari ƙarshe, don a nan tanda ke iya rabewa biyu, kuma ba ni da ta uku. Na yi bisimilla na kama da filaya na ɗan ciza kaɗan, kaɗan. Ya ɓalle daidai. Na shafe farin wurin da toka da mai.

Da na ajiye su gefe da gefe ranar Juma'a, ni kaina sai na ji tsoron kada in rikita su. Na ɗauki ƙusa na ƙarce layi biyu ƙanana a bayan leɓen ta gaskiyar, inda kyamara ba ta gani.

Bayan an sauko daga masallaci na shimfiɗa tabarma na jera su. Salamatu ta duba da ido, ta sa mai kyamara ya haska ta duba a gilashi. Mai kyamarar ya nuna sabuwar ya ce wannan ce wadda suka ɗauka ranar Litinin, ya gane ta da ɓallin. Salamatu ta daɗe tana kallo. Ana cikin haka Iya ta zo wucewa da tire a kai. Ko tsayawa ba ta yi ba, na ga idonta ya sauka a kan ta gaskiyar. Salamatu ta ce, “Iya, ke wacce kika gani?” Iya ta dube ni, ta ce ita idonta ya mutu, a tambaye ta gishirin miya. Ta wuce. Salamatu ta yi dariya ta ce ta sallama, ita dai ba ta gane ba, in ba su wadda na ga dama.

Ranar Asabar kafin a ce a fara, sau bakwai ina juya wadda ke hannun 'yar wasan ina neman layi biyun nan, ina tabbatarwa babu. Ta gaskiyar na kulle ta a ɗakin Iya na sa makullin a aljihu. Sau ɗaya aka ɗauka. Tandar ta suɓuce ta tarwatse a kan siminti, wurin ya yi tsit. Aikin kwana huɗu ya tafi cikin ƙiftawar ido, kuma a duk abin da na taɓa yi ba wanda na fi jin daɗinsa.

Lahadi da sassafe na kai wa Maman Jummai tata, na ce ta dawo ke nan, bahon ma ta riƙe. Na gaya mata yadda aka yi, har da cewa da farko tata aka yi niyyar fasawa. Ba ta duba ɓalli ko launi ba. Ta ɗora a murhu, ta ɗiga mai, ta zuba ƙullu a gurbi ɗaya, ta jira. Ta sa cokali ta hagu, masa ta juya.

“Ita ce,” in ji ta. Ta sa min guda uku a takarda da yaji, ta hana ni sa hannu a aljihu. Sannan ta ce, “In fim ɗin ya fito ka zo ka nuna min. Ina so in ga yadda ta fito.”

Na ce in Allah ya yarda zan kawo da kaina.

Tun daga ranar na yi wa dokar Malam Audu ƙari, Allah ya ji ƙansa. Har yanzu ba na aro. Amma kafin in musanya sai na tambayi mai abu: me tsohon ke yi maka wanda sabo ba zai yi ba? In ya yi jim kafin ya amsa, na bar masa kayansa, in je in sha wahalata da samfefa. Wannan nake so yaran nan masu waya su riƙe, in ba su riƙe komai ba cikin abin da na rubuta. Sana'ar ta ci da ni, ta aurar min da 'ya'ya biyu, ɗakin kayana ya sake cika, ba ni da ƙorafi.

Sai dai fim ɗin ya fi shekara a wurin mai tacewa kafin ya fito. A tsakanin na je na ci masa a lungun sau da yawa, daga baya aiki ya kai ni wajen gari wata biyar. Ranar da Salamatu ta tura min shi a waya, ban ko zauna ba na hau keke napep zuwa bayan tasha. Mangwaron yana nan, duwatsun murhun suna nan, ita ba ta nan. Mai shago ya ce ta tashi da yaranta tun kafin azumi, wani ya ce Doma, wani ya ce wurin 'yar'uwarta a hanyar Keana. Na je duka biyun ban dace ba. Ni da nake rubuta sunan mai kowane cokali, a takardarta abin da na rubuta kawai shi ne Maman Jummai mai masa. Ban tambayi sunanta na yanka ba, ban tambayi garinsu ba.

Don haka nake roƙon mai karatu. In ka san wata mai masa, bahaguwa, doguwa, mai 'ya'ya uku, babbar Jummai, wadda ta taɓa zama bayan tasha a Lafiya, ka dubi tandarta. Gurbi tara ce, da ɓalli a leɓe, kuma a bayan leɓen akwai layi biyu na ƙusa. Ka bar min saƙo wurin kafintocin bakin kasuwa, ka ce na Baba Mai Tsumma ne, duk sun san ni. Ka gaya mata fim ɗin yana cikin wayata ban goge ba, kuma tandarta ta fito da kyau. Ka kuma gaya mata layi biyun nan ni na ƙarce, ban nemi izininta ba. Shi ma ina so ta yafe.